Shafi na 412

Asabar, 3 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

An gama gasar ƙungiya. Auta ce ta ci. Ita za ta je babbar gasa ta ƙasa a madadinmu wata mai zuwa. An yi tafi, Mai Kemis ya yi jawabin da ya fi wasan tsawo, ni kuma na rungumo ƙamus ɗina na dawo gida.

Uwar yara ta ce, “Malam, 'yarka ta ci gasa, kai kuma ka shigo kamar wanda aka kora daga aiki.” Na ce mata zafi ne. Ban taɓa abincin ba.

Lahadi, 4 ga wata, ƙarfe shida na safe

Likita ya ce in riƙa rubuta abin da ke damuna, wai yana sauke jini. To bari in gwada, ko da yake ba abin da ke damuna.

Shekara tara ke nan muna haɗuwa duk Asabar da la'asar a ɗakin baya na laburare, inda ake jibge tsofaffin jaridu. Wasan jera kalmomin Turanci muke yi a kan allo. Kowa ya zura hannu a jaka ya ɗebo haruffa bakwai, ya haɗa kalma, a ƙirga masa maki. Mu goma sha ɗaya ne. Ni ba na bugawa, ni ne alƙali. Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da Turanci a sakandare kafin in yi ritaya, wa zai ja da ni?

Dokokin ma ni na kafa su. Waya ba ta shiga, kowa ya aje tasa a kwalin da ke bakin ƙofa. Ƙamus ɗaya muka sani, nawa, babban nan mai jan bango, kuma ba mai buɗe shi sai ni. In mutum ya jera kalma abokin wasansa bai yarda da ita ba, sai ya ce, “Alƙali, a duba.” In tana ciki, sai in karanta ma'anarta da ƙarfi, kowa ya rubuta a littafinsa. Da wannan nake taƙama. A wasu wurare hadda kawai suke yi, mutum ya haddace kalma dubu ashirin bai san abin da ko ɗaya take nufi ba. Mu a nan sai da ma'ana. In kuwa ba ta ciki, sai in ce, “Babu,” mai ita ya kwashe haruffansa, zagayen ya wuce shi.

Jiya na ce, “Babu.”

Ya isa haka na yau.

Litinin, 5 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ƙamus yana kan teburina. Na yafa masa tawul.

Talata, 6 ga wata, ƙarfe tara na safe

Wanda Auta ta kayar a wasan ƙarshe Bakanike ne. Ina ta kewaye-kewaye kar in ambace shi, to ga shi na ambata.

Shekara biyu da suka wuce motar Akawu ta ƙi tashi a ƙofar laburare, aka kira shi. Ya gama aikinsa, maimakon ya kama gabansa, sai ya tsaya ta taga yana kallon allo, hannunsa duk baƙin mai. Asabar ta gaba ya sake zuwa, ba mota, ba wanda ya kira shi. A ta uku na ce, “Kai, ko dai ka shigo, ko ka daina tare mana iska.” Ya shigo ya tsuguna ya gaishe ni, mutum mai shekara arba'in da 'ya'ya biyar. A aji shida ya tsaya da karatu.

Wata shida ya yi yana shan kashi. Nas ta sa shi gaba da zolaya, wai ya zo ne ya riƙa raba wa mutane maki kyauta. Shi dai murmushi, sai ya sunkuya ya rubuta. Littafinsa kowane shafi da shatin yatsa na baƙin mai. Ba ya barin kalma ta wuce sai ya ce, “Malam, ita wannan a ina ake amfani da ita?” Wani lokaci har ya ishe ni. Bara da ɗaurin ƙamus ya saki, shafuka suka fara zubewa, shi ya roƙa in ba shi ya gyara. Ya tafi da shi gareji mako biyu, ya ɗinke shi da zaren da ake ɗinkin kujerar mota, ya dawo mini da shi ya fi sabo ƙwari. Ko godiyata bai tsaya ya gama ji ba.

Bana ya kayar da Akawu, ya kayar da Nas, ya kayar da Mai Kemis har sau biyu. Kujera ɗaya tak aka ba ƙungiyarmu a gasar ƙasa, kuma kowa ya san wanda ya fi ƙwallafa rai a kanta.

Laraba, 7 ga wata, bayan azahar

Ga yadda aka yi, tunda abin ya ƙi barina.

Auta tana gaba da maki arba'in da uku. Haruffa sun kusa ƙarewa a jaka. Bakanike ya daɗe yana jujjuya haruffansa, sannan ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya jera duka bakwai ɗin: GROMMET. Wanda ya sauke bakwai a tashi ɗaya yana da kyautar maki hamsin, ban da na kalmar. Wato wasa ya ƙare, ya ci.

Auta ta dube ni. Ta fara cewa, “Baba,” sai ta gyara, “Alƙali, a duba.”

Tun kafin in taɓa ƙamus na yi dariya. Na ce, “Ita wannan kuma daga wace tsohuwar mota ka kwanto ta?” Ɗaki ya kwashe da dariya, Akawu har da buga tebur. Da na ga abin ya karɓu sai na ƙara, “Shekara talatin da biyu ina cin abinci da harshen nan, ban taɓa gamuwa da ita ba.” Bakanike ma ya yi murmushi, kansa a ƙasa.

Sai na buɗe. Na duba. Na rufe.

Ya kwashe haruffansa ɗai-ɗai ya mai da su gabansa. Ya ce, “Na gode, Malam.” Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 8 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Auta ta biyo daga makarantar da take koyarwa. Ta kawo takardar da za a aika wa masu shirya gasa, ta riga ta rubuta sunanta, saura sa hannun alƙali. Ranar Litinin 26 ga wata ake rufe karɓa. Na ce ta aje, tabarau ɗina ba ya kusa. Yana aljihuna.

Ta ce, “Baba, ka ara mini ƙamus ɗin in yi bita.”

Na hau ta da faɗa. Wai ni ne nake cewa 'ya'yan zamani ba su san doka ba, don tana 'yata ba za a karya mata ƙa'ida ba. Ni da ƙa'ida! Ta tsaya tana yi mini irin kallon da uwarta ke yi in na ce na sha magani alhali ban sha ba. Ta ce, “Allah ya huci zuciyarka,” ta shige wurin uwarta. Borin kunya ne, na sani.

Juma'a, 9 ga wata, da safe

Ba a kaina aka fara ba. Alƙalai suna kuskure. Ido yana tsufa, kuma rubutun ƙamus ƙanana ne.

Juma'a, da yamma

Idona lafiyarsa lau.

Asabar, 10 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Bakanike bai zo ba. Shekara biyu bai taɓa fashi ba, ko ranar da matarsa ta haihu sai da ya leƙo. Kujerarsa ta kusa da taga, Nas ta ɗora jakarta a kai.

Ana tashi, kowa na ɗaukar wayarsa a kwali, Mai Kemis ya matso ya ce, “Malam, ka san kalmar nan ta makon jiya? Na duba ta a waya, sai ga ta.” Kafin in buɗe baki ya ci gaba, “Amma ka san wayoyin nan, ba tarkacen da ba sa kwasowa. Mu dai abin da jan littafi ya ce shi ne.”

Na ce, “Sababbin kalmomi ne, kullum ƙirƙiro su ake yi.”

Maganganun da ba na so in tuna sun zama biyu ke nan. Ta farko sai da gumi ta fito, ta biyu kuwa sumul, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro.

Lahadi, 11 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na sauko da akwatin tsofaffin littattafaina. Na duba ƙaramin ƙamus na 'yan makaranta, babu ita. Sai na ji wani sanyi a raina, har na ce, “Ka gani ko!” ni kaɗai a ɗaki. Na duba na biyu, shi ma babu. Na fara murna kamar wanda aka wanke a kotu.

Murnar banza. Ba da su aka yi hukunci ba.

Litinin, 12 ga wata, ƙarfe goma na safe

Bari in rubuta shi sau ɗaya da hannuna, in ga ko zan mutu.

Tana ciki. Shafi na 412, gefen hagu, can ƙasa. Zoben roba ko na ƙarfe ne da ake sa wa a bakin huda, don kada kaifin wurin ya ci wayar wuta ko igiyar da ta ratsa ta ciki. Na gan ta ranar, na karanta har ƙarshen layi, sannan na rufe na ce babu.

Ban mutu ba. Amma na kulle littafin nan a durowa.

Talata, 13 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Hon ɗin motata ya mutu tun makon jiya. Uwar yara ta ce, “Malam, ka kai wa Bakanike mana, ko sai mun take wani?” Na ce aiki ya yi masa yawa.

Da zan je karɓo maganina na bi ta bayan kasuwa, zagayen da ya ci mini rabin awa, don kawai kar in wuce ta gaban garejinsa. Tsoho da furfura yana ɓuya wa wanda ke tsugunawa ya gaishe shi. Tir.

Ɓuyar ma ba ta yi rana ba. A layin bayan kasuwar Tela ya hango ni ya ɗago hannu. Ya ce, “Malam, in ka ga mutumin naka ka ce masa rigar tafiyarsa ta yi kwana goma a rataye. Shi da ya hana ni sakat, wai kar ya je cikin 'yan boko da kayan gareji.” Ya nuna mini ita. Fara ce, mai dogon hannu, da aljihu ɗaya a ƙirji. Tela ya ce shi ya nace a faɗaɗa aljihun, don littafinsa ya shiga.

Laraba, 14 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Kullum da shayina nake cike wasan akwatunan kalmomin Turanci na bayan jarida, ba ya ɗaukata minti ashirin. Yau na kai kan wata tambaya: wanda ake kai wa gardama ya raba, haruffa biyar. Na san amsar: judge, wato alƙali. Na naɗe jaridar na ba uwar yara ta shimfiɗa a kantar kwanuka.

Alhamis, 15 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Abin da na yi yau ba na so ko jikokina su ji.

Na ɗauko sabuwar reza, na tura ƙofa, na buɗe shafin. Lissafina shi ne, in an zare takarda ɗaya a cikin dubu da wani abu, wa zai lura? Na ɗora rula a gindin shafin. Sai idona ya sauka a kan maƙwabtanta. Ga grocer a sama, mai kantin kayan masarufi. Ga groom a ƙasa, ango. A bayan takardar ga ground, ƙasar da muke takawa. Duk na koyar da su, wasu har bulala na yi a kansu. Wato don in toshe bakin kalma ɗaya sai in hallaka wajen tamanin. Kuma zaren da rezar za ta bi ta kai, zarensa ne, ɗinkinsa ne, ga shi nan baƙi a jere tsaf.

Ina cikin haka uwar yara ta turo ƙofa da kofi a hannu. Ta dubi rezar, ta dubi littafin, ta dube ni.

“Malam, aski za ka yi masa?”

Na ce farce zan yanke.

“Da rula?”

Ta aje kofin, ta miƙo hannu, na ba ta rezar kamar ɗan aji ɗaya. Ta juya ta fita da ita. Shekara arba'in da aure, yau na fara jin nauyin haɗa ido da ita.

Juma'a, 16 ga wata, da safe

Ashe na ɗan tsaga saman shafin, kamar faɗin farce. Na manne shi da gam.

Asabar, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na aika cewa ba ni da lafiya. Mai Kemis ya bugo ya ce an watse, tunda ba alƙali ba ƙamus. Ya ce zai kawo mini magani har gida. Na ce ya bari, ciwon ba na kemis ba ne. Ya ɗauka wasa nake yi.

Litinin, 19 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Uwar yara ta ɗauki makulli ta ce ko in kai motar ko ita ta kai. Na kai.

Bakanike yana ƙarƙashin wata motar ɗaukar kaya. Da ya ga takalmina ya fito da sauri, ya goge hannu, ya tsuguna. “Malam, da kanka? Ai da aikowa ka yi.” Ya jawo mini benci ya shimfiɗa kwali a kai. Na tambaye shi me ya hana shi zuwa wasa. Ya ce aiki. Mota biyu ce kawai a garejin.

An sha ba ni labarin cewa a bangon garejin yake rubuta kalmomin mako da alli, yana aiki yana kallonsu. Yau na ga wurin. An wanke shi tas, sai ɗan farin alli da ya rage a gefe-gefe.

Ya buɗe gaban motata, ya bi wayar hon da yatsa, ya ce ƙarfe ne ya cinye ta a inda ta ratsa. Ya haɗa ta ya naɗe, sannan ya jawo wani gwangwani ya zaro ɗan baƙin zoben roba, ya cusa a hudar, ya zura wayar ta ciki. Na san ko mene ne. Na sani sarai. Amma bakin nan nawa da ba ya jin magana sai da ya ce, “Mene ne sunan wannan?”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Zobe ne kawai, Malam. Mu nan ba wani suna da muke kiransa.”

Ya danna hon, ya yi ƙara. Na shiga na taho. A hanya sai da na tsaya a gefen titi, don ba na ganin gabana sosai.

Talata, 20 ga wata, ƙarfe uku na rana

Zobe ne kawai, Malam.

Laraba, 21 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Auta ta zo karɓar takardarta, ta same ta yadda ta bar ta. Ta rufe ƙofa, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, yadda take yi tana ƙarama in za ta biya mini karatu.

Ta ce, “Baba, tun ina 'yar shekara bakwai nake kallonka kana duba ƙamus. In kalma ba ta ciki, kana bin shafin da yatsa har ƙasa, ka koma sama ka sake bi, ka leƙa na gaba, sannan ka cire tabarau. Ranar nan yatsanka ya tafi ya tsaya wuri ɗaya. Leɓenka ma ya motsa.”

Na ce, “Ashe tun ranar kika sani.”

“Tun ranar nake roƙon Allah ya sa idona ne ya gani ba daidai ba.” Sai hawaye. “An yi mini tafi, Baba. Na tsaya ana yi mini tafi. 'Yan ajina har barka suka rubuta mini a allo.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ta ce, “Don ni ka yi?”

Ga hanya ta ba ni. In ce e, uba ne, son 'ya ya ja shi, kowa zai ce ayya. Kwana goma sha takwas ina lallashin kaina da haka. Amma ta kafe ni da ido, kuma na gaji.

Na ce, “A'a. Dariyar da na yi ce. Na riga na cika baki a gaban mutane, sai ga kalmar, na kasa haɗiye abin da na faɗa. Ke ko zuwa raina ba ki yi ba a lokacin.”

Ta share hawayenta. Sannan ta ce, “Gara haka. Da don ni ne, da har abada da ni a ciki.” Ta ɗauki biro ta soke sunanta, layi ɗaya a miƙe irin na malamai. “Ni dai ba za ni ba. Saura ya rage naka, alƙali.”

Ba ta ce Baba ba.

Alhamis, 22 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na shirya jawabi shafi biyu. Da na maimaita karantawa sai na ga ko'ina kuskure na rubuta, da tsautsayi, da ajizanci. Mutumin da ya san ma'anar kalmomi ya fi kowa iya ɓuya a bayansu. Na yaga.

Juma'a, 23 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na koma gareji a ƙafa, ba mota balle in fake da ita. Na same shi yana wanke hannu da kalanzir. Ya tashi zai jawo benci, na ce ya bari, a tsaye zan faɗa.

Na ce, “Kalmarka tana ciki. Na gan ta. Ƙarya na yi maka.”

Na zaci zai zabura, ko ya ɗaga murya, har na shirya wa hakan. Sai ya goge hannu a tsumma, ya shiga ɗan ɗakin da yake aje kayan aiki, ya fito da littafinsa ya buɗe ya miƙo mini. Ga ta nan da rubutunsa manya-manya, ma'anarta a ƙasa, a gefe kuma ya sa 412.

“Lokacin da na ɗinke shi ne, Malam. Kullum in na tashi aiki sai in kwafi shafi biyu ko uku. Da na gan ta na yi murna, na ce ashe abin da nake taɓawa kullum yana da suna a littafin Malam.”

Na zauna a kan tsohuwar taya. Wato ranar nan littafin nan yana gabansa a kan tebur, da lambar shafi da komai. Buɗewa kawai zai yi.

Na ce, “Me ya hana ka magana?”

“Haba Malam. A gaban 'yarka?” Ya faɗa kamar na tambaye shi abin da kowa ya sani. “Kai fa ka ce in shigo, lokacin da nake tsaye a taga.”

“To me ya sa ka daina zuwa?”

Ya karɓi littafinsa ya rufe. Sannan ya ce, “In na ci gaba da zuwa, duk ranar da ka ce babu, zan riƙa tunani. Ban so in riƙa yi maka wannan tunanin.”

Kai! Na yi shekaru ina gaya wa mutane magana, ban taɓa jin wadda ta dake ni haka ba. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona, sai na zuba su a kan gwangwanin zobban nan.

Na roƙe shi ya zo gobe. Ya ce a bar abin ya wuce, shi ya yafe tun ranar. Na ce yafiya daban, kujerarsa daban, kuma ranar Litinin ake rufe karɓar suna. Ya ce, “Sai yadda Allah ya yi, Malam.” Ban san ko zai zo ba.

Asabar, 24 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na cire tawul. Uwar yara ta goge mini riga ban tambaya ba. A bakin ƙofa ta ce, “Ka faɗe shi gajere, Malam. Kar ka yi musu lacca.”

Asabar, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Gajere na faɗa. Kafin a kwance bakin jaka na miƙe na ce, “Mako uku da suka wuce an ce in duba kalma. Na duba, na gan ta, na ce babu. Ba ido ba ne, ba tsufa ba ne, girman kai ne. Bakanike ne ya ci gasa.”

Mai Kemis ya cire hularsa ya mayar. Akawu, da ya fi kowa dariya ranar, ya ƙura wa allo ido. Nas ta ce, “Malam, kai?” Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma har yanzu yana kunnena. Auta tana can ƙarshen tebur, ba ta ɗago ba.

Kujerar taga ba kowa sai jakar Nas. Na ce a raina, to haka zan karanta ma'anar babu mai ita. Na sa tabarau. Sai na ga hasken ɗakin ya ɗan ragu. Yana tsaye a waje ta taga, daidai inda ya tsaya shekara biyu da suka wuce, da kayan gareji a jikinsa.

Na so in ce ya daina tare mana iska, sai aka riga ni. Auta ce ta tashi ta buɗe masa ƙofa, ta sauke jakar daga kujerarsa.

Na ɗauki ƙamus da hannu biyu na aje a gabansa. Ya ja baya ya ce, “Malam, doka.”

Na ce, “Wanda ya kafa ta ya riga ya taka wadda ta fi ta. Buɗe.”

Bai yi lalube ba, juyi biyu ya isa shafin. Ya ga inda na manne da gam, ya shafa wurin da babban yatsa, ya dube ni. Sannan ya karanta, a hankali, yana tsayawa a kan dogayen kalmomi. Biyu ya furta ba daidai ba. Shekara tara ban taɓa barin irin wannan ya wuce ba, yau na kama bakina.

Da ya gama, kowa ya jawo littafinsa kamar yadda aka saba. Auta ta rubuta sunansa a saman nata da ta soke, ta turo mini, na sa hannu. Aikina na ƙarshe ke nan a matsayin alƙali. Daga mako mai zuwa ƙamus a tsakiyar tebur zai zauna, a buɗe shi a gaban kowa. Akawu ya fita bai yi mini sallama ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na ce wa Bakanike Tela yana nemansa. A bakin mota Auta ta ce, “Baba, kawo makullin in tuƙa.”

Abu ɗaya ya rage. Lokacin da ake rubutu, ba ka jin komai sai biro a kan takarda, ni kaɗai ne hannuna ba komai. Shekara tara ina sa mutane rubuta ma'ana, ni ban taɓa yin littafin kalmomi ba, don ban taɓa zaton akwai wadda za a koya mini a ɗakin nan ba. To, ba ni da wani littafi sai wannan.

Grommet. Zoben da ake sa wa a bakin huda don kada kaifi ya ci abin da ya ratsa ta ciki. Shafi na 412. Bakanike ne ya koya mini.